Tabo Biyu a Tsakiyar Ƙwaƙwalwar Autanmu

Autanmu tela ne a Jega. Duk wanda ya san shi ya san shi da sauri, na hannu da na baki, shi ya sa da jikinsa ya fara mutuwa ba a daɗe ba aka lura. Matarsa ce ta fara gani. Sai ya zauna gaban keke da yadi a hannu, ƙafa a kan feda, amma takawar ta gagara. In ka yi masa magana yana jin ka, yana kallon ka, sai dai amsar ta daɗe ba ta fito ba, in ta fito kuma can ƙasa-ƙasa, babu fara'a babu fushi. Fuskarsa ta daskare, ƙifta ido ma sai jefi-jefi. Tafiyarsa ta koma gajerun taku yana jan ƙafa, hannuwa a manne da jiki. Sa maɓallin riga ya zama aiki. Ranar da fitsari ya kufce masa a zaune bai ko motsa ba, ranar Inna ta sa aka kira ni daga Birnin Kebbi.

Na tarar gida ya riga ya yanke hukunci. Wasu sun ce jifa ne daga abokan sana'a, tunda kasuwarsa ta buɗe. Wasu kuma ba su fito fili sun faɗa ba, amma idonsu na kan yarinyar da ya aura ko shekara ba a yi ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi turare. Inna ta dube ni ta ce, "Wanga ciwo ba na asibiti na ba." Na ce, "Inna, addu'a ba za mu daina ba, amma ki ba ni shi in kai a duba." Kawu ya goya mini baya, ya ce ƙafata ƙafarsa. Na roƙa a bar matarsa ta biyo mu, tunda ita ke kwana da shi tana tashi da shi. An ɗan ja kafin a yarda.

A Birnin Kebbi muka fara. Yankan kati, layi, ganin likita, sai gwajin jini: suga, zazzaɓin cizon sauro, aikin hanta da na ƙoda, da cuta mai karya garkuwar jiki. An auna hawan jini. Babu abin da ya fito da zai bayyana halin da yake ciki, sai likitan ya rubuta hoton kai na CT. Wannan ba shi da wahala. An kwantar da shi a wani siririn gado, gadon ya shige da kansa cikin wani ƙaton zobe, kafin in daidaita zama a benci har an fito da shi. Da hasken eksre na'urar ke aiki, kuma abin da ta fi gwaninta a kai shi ne ƙashi da sabon jini. In jijiya ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, fari tas yake fitowa, shi ya sa ita ake fara nema ga wanda ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ya bugu a ka. Sakamakon namu ya ce babu jini, babu ƙari, amma akwai ɗan duhu-duhu can tsakiya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kuma ana ba da shawarar a yi wani hoton kai dabam da ake kira MRI. Likitan ya faɗa mana gaskiya cewa wannan ya wuce teburinsa, ya rubuta mana takarda zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Sakkwato. Muka yi sammako ta hanyar Argungu.

Likitan da muka gani a can bai fara da takardun da na miƙa masa ba. Ya ture su gefe ya ce wa Auta ya tashi ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Ya zuba ido ga yadda yake juyowa: maimakon ya juyo gaba ɗaya, sai ya yi ta daddagawa da ƙananan taku har ya fuskanto mu. Ya kama wuyan hannunsa yana lanƙwasawa yana miƙarwa, ya ce, "Malam, zo ka taɓa." Na ji hannun yana tafiya yana ciccijewa, ƙat-ƙat-ƙat. Ya sa shi ya riƙa haɗa babban yatsa da manuni da sauri; ya fara da ɗan faɗi, kafin a yi nisa motsin ya ƙanƙance har ya tsaya. Ya ba shi biro ya rubuta sunansa, rubutun ya fara da girma ya ƙare mitsi-mitsi. Ya haska idonsa da 'yar fitila, ya daɗe yana duban gefen baƙin idon.

Sannan tambayoyi suka biyo, kuma sun fi duk abin da aka yi mana a wannan tafiya tsawo. Yana shan wani magani, musamman na tsayar da amai ko na masu taɓin hankali? Ashe akwai irinsu da ke sandarar da mutum haka, in an daina kuma ya sake. Ya taɓa aikin walda? Ya taɓa zuwa haƙar zinare? Wannan tambayar a yankinmu ba ta cika baki ba ce kawai, domin babu wanda ya manta abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ya ci ran yara aƙalla 400, ga shi kuma mu ma ana haƙar a ƙasar Yawuri. Ya taɓa yin ciwon shawara? Akwai wani a dangi da ciwon hanta ya ɗauke yana matashi? Sai ya juya wajen Kawu ya ce, "Baba, ku yi haƙuri da wannan tambayar. Yana shan wani abu mai bugarwa?" Kawu ya ɗaure fuska. Auta da kansa, bayan dogon shiru, ya ce a'a.

Daga nan likitan ya ce, "A 'yan watannin nan ya taɓa suma, ko wani barci da aka kasa tada shi?"

Kawu ya ce ya dai yi zazzaɓi lokacin sanyi, an kwantar da shi, ya warke sumul. Ni ma abin da aka faɗa mini ke nan a waya. Sai muka ji muryar matarsa daga bayanmu, ita da tun da muka shigo kanta na ƙasa. Ta ce, "Likita, a shago aka ɗauko shi ranar."

"Matso kusa, Malama. Faɗa mini tun daga farko."

Ana tsakiyar hunturu ne, ɗinkin biki ya taru masa, ya ce zai kwana a shago shi da yaronsa. An ɗauke wuta, ya tada ƙaramin janareta saboda fitila da injin surfani. Don gudun ɓarayi ya shigo da shi ciki ya ajiye a lungu, don gudun sanyi kuma ya ja ƙofar ƙarfe. Da asuba yaron, wanda ya kwanta daf da ƙofa inda iska ke ɗan shigowa ta ƙasa, ya rarrafo ya buɗe yana amai, kansa na sarawa. Maigidan nasa kuwa ko motsi ba ya yi. Aka kwashe shi zuwa asibiti, aka sa masa oksijin da ƙarin ruwa, washegari ya farfaɗo. Gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro, aka yi masa magani, aka sallame shi. Ya koma shago ya ƙarasa ɗinkin bikin, ya ci gaba da harkokinsa makonni lafiya lau. Wa zai haɗa wancan daren da ciwon da ya zo bayan an gama barka da arziki?

Likitan ya rubuta komai, sannan ya yi mana bayani a tsanake. A cikin hayaƙin janareta, da na gawayi, da na salansar mota, akwai wata iska da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin da muke ji na wasu abubuwa ne da ke tare da ita. Sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini ya fi kama ta a kan oksijin fiye da sau 200, don haka da ta shiga sai ta mamaye gurbin, jini ya riƙa zagayawa babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa. Wani abin takaici shi ne ɗan abin nan da ake maƙala wa mara lafiya a yatsa don auna oksijin ba ya bambance su, sai ya nuna lamba mai kyau alhali mutum na cikin haɗari. Kuma ba ta daɗewa a jini: a iskar waje rabinta kan fita cikin awa 4 zuwa 5, da oksijin zalla kuma ya fi haka sauri. Ke nan yanzu ko an ɗebi jininsa babu abin da za a gani. Amma likitoci sun san cewa wasu daga cikin waɗanda suka farfaɗo kan yi kwana 2 zuwa 40 garau, sannan ciwo ya dawo musu ta hanyar mantuwa, da sandarewa, da canjin hali, da kufcewar fitsari. Ya ce zatonsa ya yi ƙarfi, amma zato ne. Yana son ganin ƙwaƙwalwar da idonsa, ya kuma tabbatar ba wani abu dabam ne ya laɓe a bayan wannan labari ba. A takardar neman hoton ya rubuta batun janaretan da manyan baƙaƙe, ya ja layi a ƙarƙashi.

Neman wurin hoton shi ne inda mai ƙaramin ƙarfi ke jigata. Kuɗin MRI ya ninka na CT, sai da Kawu ya fitar da buhunan shinkafa daga rumbu, ni ma na haɗa da abin da ke hannuna. Wurin farko da aka kwatanta mana, mun tarar na'urarsu ta tsaya ana jiran mai gyara daga nesa. Duk wanda zai taso daga Kebbi ko Zamfara don wannan hoto, ya nemi lambar wurin ya buga kafin ya hau mota, ya tambaya ko na'urar na aiki, ko akwai likitan da zai karanta hoton ya rubuta rahoto, ko kuma za a ba shi faifai ya tafi da shi. A wuri na biyu muka samu rana. Sun nemi sakamakon gwajin ƙoda, saboda akwai wani ruwa da akan yi wa mutum allurarsa don wasu cututtukan su fito sosai, kuma ƙoda ce ke fitar da shi. A ƙarshe ba a buƙace shi ga Auta ba.

Ranar hoton aka miƙo mana doguwar takarda, duk tambayoyinta a kan ƙarfe. An taɓa yi maka aiki aka sa ƙarfe a jiki? Akwai batirin zuciya? Ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa maka a ido? Akwai harsashi ko ɓaraguzansa a jikinka? Ma'aikacin ya ce na'urar ba ta amfani da eksre ko kaɗan, maganaɗisu ne da igiyar rediyo. Mai ƙarfin tesla 1.5 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) ta fi maganaɗisun duniya ƙarfi kusan sau 30,000, kuma ba a kashe shi, dare da rana a kunne yake ko ba kowa a ɗakin. Almakashi ko makulli in ya shiga da kai, fizge shi zai yi. Wani bawan Allah da ke gabanmu a layi, daga wajen Zamfara aka kawo shi, ya ce an taɓa harbin sa a kafaɗa kuma ba a ciro komai ba. Aka ce ya dakata sai an yi masa eksre an ga abin da ke ciki da inda yake. Wata mata kuma aka ba ta auduga ta goge kwalli, ta cire 'yan kunne da fil ɗin ɗankwali, saboda wani kwallin akwai ƙarfe a cikinsa, yana ɓata hoto. Wani dattijo ya tambaya game da haƙorin Makka, aka ce ya dai rubuta a takarda, su za su duba.

Da aka zo kan Auta, sai ga laya a damtsensa, Inna ce ta ɗaura masa da hannunta kafin mu taso. Ma'aikacin ya ce, "Malam, ba mu san abin da aka ɗinke a ciki ba, kuma ba za mu farke ba. A cire, ana gamawa a mayar." Babu raini a maganarsa. Kawu ya kwance ta ya sa a aljihun 'yar cikinsa, ya zauna a waje yana jan carbi.

Na roƙa a bar ni in shiga da shi, domin na san ko wani abu ya dame shi ba zai iya yin magana da wuri ba. Suka yarda, bayan ni ma na cika irin takardar, na ajiye waya da agogo da bel da katin banki. Ɗakin sanyi ƙarara. An sa masa rigar asibiti, aka kwantar da shi rigingine, aka toshe masa kunne da soso, aka tokare kansa ta gefe da gefe, sannan aka kifa masa wani keji na roba a fuska, wanda shi ke karɓo saƙon da ake haɗa hoton da shi. Aka damƙa masa 'yar ƙwallon roba a hannu, aka ce in ya ji ba daidai ba ya matsa. Gadon ya tafi da shi cikin rami har ƙirji. Ni ma aka ba ni abin toshe kunne, na tsaya daga ƙarshen gadon na riƙe masa ƙafa.

Ba a shirya ni wa ƙarar ba, ko da yake an faɗa mini. Ta fara da ƙwanƙwasa a hankali, sai ta ɓarke, gwaf-gwaf-gwaf-gwaf, har ina jin ta a haƙarƙarina. Bayan 'yan mintuna ta yanke, sai wata ta taso da sauti dabam, mai tsini, ƙirrr, ta yanke, wata ta karɓa. Kowane canjin sauti wani nau'in hoto ne: wani yana fito da ruwa fari, wani yana danne ruwan don rauni ya fito fili, wani yana nuna inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka kumbura, wani yana neman tsohon jini da ƙarfe. Tsakanin kowanne sai muryar ma'aikacin ta fito ta lasifika, "Sannu, kana ƙoƙari. Kada ka motsa kai, saura kaɗan." Motsi ɗaya yana iya dagula nau'i guda a sake shi daga farko, shi ya sa ƙananan yara da marasa natsuwa sai an ba su maganin barci. Ina riƙe da ƙafarsa ina jin ta a sandare, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kusan rabin awa aka yi. Da aka zaro shi idonsa ya yi ja, na ce, "Auta, ya dai?" Ya daɗe sannan ya ce, "Yaya, ƙara."

Na yi ƙoƙarin leƙa fuskar ma'aikacin ko zan karanci wani abu. Ya ce aikinsa ɗauka ne, karantawa na likitan hoto ne, mu dawo mu karɓi rahoto. Na ji zafin haka a lokacin, amma daidai ya yi.

Da muka koma wa likitanmu da faifai da rahoto, bai tsaya ga rahoton ba, ya sa faifan a kwamfuta ya juyo da allon wajenmu. Hoton yanka-yanka ne, daga tsakar ka zuwa ƙasa, yana murza linzami muna sauka. Ya nuna mana cewa ƙwaƙwalwa launi biyu ce. Akwai toka-toka, inda ƙwayoyin suke, wanda ya lulluɓe ta ta waje. Akwai fari a ƙarƙashinsa, wanda zaren saƙo ne zalla. Amma can ciki, a tsakiyar farin, kusa da ramukan ruwan ƙwaƙwalwa, akwai wasu curi-curi na toka-toka a jere, kowanne da ɗan'uwansa a ɗaya gefen. Ya lissafa su yana ɗora biro: wannan kodet, wannan futamen, na cikinsa gulobus falidus, waɗannan ukun ake kira basal gangiliya; wannan babban na tsakiya kuma talamus, inda kusan duk saƙon ji da gani ke yada zango kafin ya hau sama. A kan gulobus falidus ya tsaya. Ko ni da ban taɓa ganin hoton ƙwaƙwalwa ba na gan su: tabo biyu farare, ɗaya dama ɗaya hagu, wuri ɗaya, girma ɗaya. Da ya hau sama kaɗan kuma, farin sashen ya yi hazo-hazo ta ɓangarorin biyu, ya ce wannan hazon shi ya fi bayyana dalilin da ciwon ya dawo bayan an ga kamar ya warke.

Kawu ya ce, "To likita, ƙafarsa da hannunsa ba su shanye ba, me ya hana shi motsi?" Likitan ya dubi Auta ya ce, "Kai tela ne, za ka gane. Keken lafiyarsa ƙalau, allura da zare na nan, telan ya san ɗinkin da zai yi. Fedar ce ta cije." Ya ce waɗannan curin su ke ba motsi izinin farawa, su daidaita girmansa, su tsayar da wanda ba a so. Har niyyar tashi a yi abu ta nan take bi, shi ya sa yake zaune ba ya neman komai, ba don ba ya so ba. Wurin yana cin oksijin da suga da yawa, jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi 'yan sirara ne, ga ƙarfe da ke taruwa a gulobus falidus wanda waccan iskar ke maƙalewa a jikinsa. Duk abin da ya taɓa jini, su ke fara jin jiki.

Abin da ya faɗa bayan nan shi na fi riƙewa. Ya ce in rauni ya fito gefe ɗaya, hankalinsa kan tafi ga jijiyar da ta toshe ko ta fashe, ko ƙari. Hawan jinin da ba a kula da shi ba, a daidai nan ya fi fasa jijiya, a futamen ko talamus. Amma in ya fito ta gefe biyu daidai wa daida, to galibi wani abu ne ya biyo jini ya isa ko'ina lokaci guda: guba, ko rashin oksijin, ko faɗuwar suga, ko wani sinadari da jiki ya kasa fitarwa. Matsalar ita ce da yawansu kama suke yi da juna a hoto. Jaririn da shawara ta yi wa yawa a kwanakin farko aka bar shi a gida, wannan gulobus falidus ɗin take lalata masa, ya tashi jikinsa na murɗewa, sau da yawa da matsalar ji. Mai tsohon ciwon hanta, wani ƙarfe da ake kira manganis kan taru masa a wurin. Akwai ciwon gado da wani likita mai suna Wilson ya bayyana a Ingila a 1912, inda jan ƙarfe ke taruwa a hanta da futamen, yana kama matasa, yana barin zobe a gefen baƙin ido, kuma yana da magani in an gano da wuri. Shi ne dalilin haska idon Auta da tambayar dangi. Gurɓataccen barasa mai gubar da ake kira metanol kuma futamen yake ci, ya haɗa da makanta. Ya ce, "Da hoton nan kaɗai aka miƙo mini ba labari, da sai in lissafa muku cututtuka da yawa in ce ɗaya daga ciki ne. Abin da Malama ta faɗa shi ya ware mini guda." Duk da haka ya rubuta gwajin jan ƙarfe da duban ido wajen likitan ido, don a rufe waccan ƙofar, kuma duka suka fito lafiya.

Na juya na dubi yarinyar. Hawaye ne ke zuba a kan hijabinta, ba ta ko share ba. Ni kaɗai na san irin kallon da ta sha a gidanmu.

Kawu ya yi tambayar da kowa ke jira, ko hoton ya nuna magani. Likitan bai yi mana zaƙin baki ba. Ya ce babu allurar da ke goge tabon. Da yawa daga masu wannan lalura suna samun sauƙi a hankali cikin watanni har zuwa shekara, wasu su koma kusan yadda suke, wasu kuma su rage da nauyin jiki ko mantuwa, kuma hoton ba ya iya faɗa mana a wane rukuni Auta zai faɗa. Ya rubuta maganin da ake ba masu ciwon Fakinsin, wato ciwon karkarwa da sandarewar jiki, mai suna lebodofa, ya ce gwaji ne, domin a irin wannan ba kullum yake aiki ba. Abin da ya fi matsa mana a kai shi ne gashin ƙashi da motsa jiki kullum, da sa shi magana, da kada a bar shi a ɗaki shi kaɗai yana kallon bango, da lura da haɗiyarsa kada ya ƙware.

Da muka koma Jega na tara Inna da gwaggonninmu, na ɗaga fim ɗin hoton ta wajen hasken ƙofa na nuna musu tabon biyu, na ba su labarin daren shago kamar yadda matarsa ta bayar. Ba zan ce kowa ya gamsu ba, akwai wadda ta ce ai jifan ne ya sa shi shigar da injin ciki. Amma Inna ta kira yarinyar ta zaunar da ita kusa da ita, ta ce, "Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka," kuma daga ranar ban sake jin an yi wani shaguɓe ba. A wurina ko wannan kaɗai ya biya kuɗin shinkafar Kawu.

Tun daga nan idona ya buɗe ga abin da na saba gani ban ɗauke shi komai ba. Janareta a zaure ko a barandar da aka rufe, kaskon garwashi a ɗakin maijego an toshe taga da tsumma, masu gadi da ke kwana da gawayi a 'yar rumfar kwano. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi dukkansu da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, suka fita waje suka ji sauƙi, ba zazzaɓi ne ya kama su tare ba. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa, a kai su asibiti a sa musu oksijin, kuma a faɗa wa likita abin da ke ci a ɗakin ko bai tambaya ba. Wanda ya suma ya farfaɗo kuma, a sa masa ido har wata biyu.

Auta yana samun sauƙi, amma a hankali ƙwarai. Fitsarin ya daina kufce masa, yana cin abinci da hannunsa, takunsa ya ɗan buɗe, amsarsa ta rage jinkiri. Maganin bai nuna wani bambanci a fili ba, likita ya ce za a duba ko a ci gaba ko a janye shi sannu-sannu. Ya ce babu buƙatar sake hoto yanzu sai in wani sabon abu ya ɓullo, amma mu adana faifan da kyau, domin duk hoton da za a yi nan gaba da shi za a gwada.

A zuwanmu na baya-bayan nan ya tambaye mu labarin yaron shagon. Matar Auta ta ce yana nan, sai dai ya cika mantuwa, a ba shi awo ya rubuta ya manta inda ya ajiye, ga yawan ciwon kai. Likitan ya ce a kawo shi ya gan shi, ba lallai sai an yi masa hoto ba. Mahaifinsa manomin albasa ne a wani ƙauye ta wajen Aliero, kuma a ganinsa ɗansa lafiyarsa ƙalau tunda yana ci yana sha. Kawu ya ce ran kasuwar Jega mai zuwa zai neme shi su zauna.